Mark Knopfler da Dire Straits: Makaɗin da Ya Sauka Tun Ana Tafa Masa

A ranar 31 ga Janairun 2024 aka yi wani gwanjo a birnin Landan wanda labarinsa ya tsaya mini a rai tun daga lokacin. Wani dattijo mai shekara 74 ya tattara jita da na'urorin ƙara sauti fiye da 120, kayan sana'ar da ya shafe rabin ƙarni yana tarawa, ya miƙa su ga dillalan gidan gwanjo na Christie's. Kafin a tashi an tara sama da fam miliyan 8, ya kuma ware kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin ga ƙungiyoyin agaji. Jita guda, ƙirar Gibson Les Paul ta 1959, an saye ta a kan fam 693,000. Dalilin da ya bayar shi ne kayan sun yi masa yawa, ba ya iya kaɗa su duka, gara su koma hannun waɗanda za su more su. Sunan wannan dattijo Mark Knopfler. Shi ne ya kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Dire Straits, wadda ta sayar da faifai fiye da miliyan 100 a duniya, kuma shi ne ya rushe ta da hannunsa a lokacin da take cika filayen ƙwallo da 'yan kallo.

Na san wani mai karatu zai ce, me ya haɗa malamin jami'a mai koyar da adabi da makaɗin Turawa, har zai cinye shafi guda a kansa alhali ga matsalolin ƙasa nan jibge? Dalilaina biyu ne. Na farko tsohon sabo ne. A wajejen 1996, ina ɗan sakandare, nakan bi wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, fatauci tsakanin Kano da Damagaram idan an ba mu hutu. A motarsa akwai wani kaset da rana ta cinye rubutun jikinsa, wanda wani abokin cinikinsa mutumin Agadas ya ba shi. Kawu ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Turanci, amma da zarar mun wuce Daura hanya ta miƙe, sai ya cusa kaset ɗin ya ce, "Kai yaro, kasa kunne, wannan mutumin hira yake yi da tsirkiya." Sai da na shiga jami'a na san sunan mutumin. Dalili na biyu kuwa ya shafi rayuwata ta aiki, kuma zan zo kansa a ƙarshe, bayan mai karatu ya ji labarin.

Bahagon da ya ƙona rediyon gidansu

An haifi Mark Knopfler a birnin Glasgow ranar 12 ga Agustan 1949. Mahaifinsa Bayahuden ƙasar Hangari ne, mai zanen gine-gine, wanda ya gudo Birtaniya a 1939 gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifiyarsa 'yar Ingila ce, malamar makaranta. Yana ɗan shekara bakwai iyalin suka koma yankin Newcastle a arewa maso gabashin Ingila, ƙasar masu haƙar kwal da masu ƙera jiragen ruwa. Wannan yanki da mutanensa ba su taɓa fita daga waƙoƙinsa ba har ya tsufa.

Burinsa na ƙuruciya shi ne jar jita ƙirar Fender Stratocaster irin ta Hank Marvin na ƙungiyar The Shadows. Aljihun uban bai kai nan ba, sai ya saya masa wata ƙirar Höfner a kan fam 50, wanda ma ba ƙaramin kuɗi ba ne a wancan zamani. Yaron ya ji nauyin ya sake roƙon na'urar ƙara sauti, sai ya jona jitar da rediyon gidansu, ya ƙona shi. Daga nan ya koma aron jitar katako marar lantarki yana kaɗawa a gidajen waƙoƙin gargajiya, inda ya koyi kaɗa tsirkiya da 'yan yatsu.

Wannan rashi shi ne ya zame masa jari. Yawancin makaɗan rok suna riƙe ɗan ɓallin roba ne tsakanin yatsu biyu su bugi tsirkiyoyi da shi. Knopfler ya ajiye ɓallin, ya riƙa tsinkar tsirkiya da babban yatsa da manuni da na tsakiya, kamar yadda makaɗin gurmi yake yi a wajenmu. Naman yatsa yana ba da sauti mai laushi, yana kuma ba makaɗi damar tsinkar tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda, ya tausasa wannan ya tsananta waccan. Bugu da ƙari shi bahago ne, amma ya koyi riƙon jita irin na na-dama, don haka hannunsa mai ƙarfi shi ne a kan wuyan jitar, yana matse tsirkiya yana lanƙwasa sautinta yadda ya ga dama. Abin da kunnen kawuna ya kama ke nan ya kira shi hira.

Sai dai bai faɗa kiɗa kai tsaye ba. Ya karanta aikin jarida na shekara guda a kwalejin Harlow, ya zama ƙaramin wakilin jaridar Yorkshire Evening Post a birnin Leeds, inda labari na ƙarshe da ya rubuta shi ne na rasuwar Jimi Hendrix a watan Satumban 1970. Ya shiga Jami'ar Leeds ya karanta adabin Ingilishi, ya kammala a 1973, sannan ya yi shekara uku yana koyarwa a kwalejin Loughton. Da rana alli, da dare jita. Duk mai son fahimtar waƙoƙinsa sai ya riƙe waɗannan shekaru, domin idon ɗan jarida da kunnen malamin adabi ya shigo da su cikin sana'ar.

Halin ni-'yasu

A 1977, yana da shekara 28, shekarun da taurarin rok da yawa sun riga sun yi tashe sun gama, ya tare a wani gidan haya na talakawa a unguwar Deptford da ke kudu maso gabashin Landan. A nan ƙanensa David, ma'aikacin jin daɗin jama'a, yake zaune tare da John Illsley, ɗalibin ilimin zamantakewa mai kaɗa jitar bes, wato babbar jita mai kaurin murya. Suka samo ƙwararren makaɗin ganguna Pick Withers, suka cika huɗu. Sunan da wani aboki ya laƙaba musu, Dire Straits, ma'anarsa halin ni-'yasu, kuma ba ƙarya ya yi musu ba, don da ƙyar suke haɗa kuɗin haya.

Zamanin ma bai dace da su ba. Shekarar ce salon Punk ya mamaye Landan, samari irin su Sex Pistols suna ihu da fushi, suna alfahari da cewa ba sai ka iya kiɗa za ka hau dandamali ba. Su kuwa waɗannan huɗun kiɗansu a natse yake, ya ɗebo daga buluz na baƙaƙen Amurka da kantiri na ƙauyukanta, mai waƙarsu kuma muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labari a zaure. Suka tara ɗan abin da ke hannunsu suka ɗauki waƙa biyar a kaset ɗin gwaji, suka kai wa Charlie Gillett, mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Landan, don ya ba su shawara kawai. Shi kuwa ya sa ɗaya daga ciki a shirinsa. Cikin 'yan watanni kamfanin Phonogram ya ɗauke su. Kundinsu na farko, wanda ya fito a 1978, fam 12,500 kacal aka kashe wajen ɗaukarsa.

Waƙar da Gillett ya sa ita ce "Sultans of Swing", kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe labarinta, don za mu sake haɗuwa da shi. Wani dare ana ruwa Knopfler ya fake a wata mashaya a kudancin Landan, ya tarar da wasu makaɗa suna kaɗa tsohon jaz, masu sauraro ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma hankalinsu na wani wuri. Da za su tashi, sai shugabansu ya sanar da sunan ƙungiyarsu da ƙasaita, wai su ne sarakunan wannan kiɗa. Tazarar da ke tsakanin girman sunan da ƙanƙantar wurin ta ba shi dariya, ta kuma taɓa shi. Waƙar da ya rubuta tana girmama mutanen da suke da aikin yi da rana, suke kiɗa da dare don son kiɗan, ba sa jiran kowa ya san da su. A Birtaniya ba ta karɓu da farko ba. Sai da ta yi tashe a Holan, ta tsallaka Amurka ta kai mataki na 4 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a 1979, sannan 'yan gida suka farga, ta kai na 8.

A wannan shekarar suka fitar da kundi na biyu, Communiqué, kuma Bob Dylan da kansa ya gayyaci Knopfler da Withers su yi masa kiɗa a kundinsa Slow Train Coming. Malamin da ya ajiye alli shekara biyu da suka wuce ya wayi gari yana zaune da gwanin da ya taso yana kwaikwayo.

Abin da ɗaukaka ta fara ci

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na nuna masa Knopfler a matsayin salihin da bai taɓa taka kowa ba. Ƙungiya ce a suna, amma shi ke rubuta waƙoƙin, shi ke rerawa, shi ke kaɗa jitar gaba, kuma a situdiyo maganarsa ce ta ƙarshe. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. A 1980, ana tsakiyar ɗaukar kundi na uku, Making Movies, a birnin New York, rikici ya tsananta tsakaninsa da David. Ƙanen ya tattara nasa ya koma Ingila. Aka sake ɗaukar kiɗan da ya yi da hannun wani, sunansa ma bai fito a jikin kundin ba. David ya ci gaba da fitar da nasa waƙoƙin, amma ya sha gaya wa 'yan jarida cewa zumuncinsu bai koma yadda yake ba. Kundin ya fito da wasu daga cikin waƙoƙin da aka fi yaba wa ƙungiyar, irin su "Romeo and Juliet" da "Tunnel of Love". Duk sanda na saurare su nakan tuna cewa ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma a wannan ɗakin aka yanke shi.

Kundi na huɗu, Love Over Gold na 1982, ya nuna inda hankalin mutumin ya karkata. Waƙa biyar ce kawai a ciki. Ta farko, "Telegraph Road", ta haura minti 14, a zamanin da gidajen rediyo ba sa son waƙa ta wuce minti huɗu. Ya samo ta ne daga wata doguwar hanya a yankin Detroit ta Amurka. Ta bi tarihin wuri guda tun daga mutumin farko da ya sauke kayansa a daji ya kafa bukka, zuwa zuwan coci da makaranta da lauyoyi da ma'adinai, zuwa cunkoson motoci, har ta ƙare a bakin wani magidanci da masana'anta ta rufe ta bar shi ba aiki. Na taɓa karanta wa ɗalibaina fassarar ma'anarta a aji, wani daga cikinsu ɗan Kaduna ya ce ai wannan labarin Kakuri ne bayan mutuwar masaƙu. A nan ne nake ganin kamarsa da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya ɗauki kuntigi ya waƙe karen mota a lokacin da wasu ke waƙe masu mota.

Bayan wannan kundi Pick Withers ma ya tafi, Terry Williams ya gaje shi. An riga an ƙaro Alan Clark a kan fiyano da Hal Lindes a kan jita, daga baya Guy Fletcher ya shigo. Mutum huɗu na Deptford sun koma biyu, ƙungiyar kuma tana ta kumbura. A gefe guda Knopfler ya rubuta kiɗan fim ɗin Local Hero a 1983, wanda har yau ake sa takensa idan 'yan wasan Newcastle United za su fito fili, ya kuma ba Tina Turner waƙar "Private Dancer" da ta zama sunan kundin da ya farfaɗo da ita a 1984.

Shekarar da duniya ta buɗe

A ƙarshen 1984 suka tafi tsibirin Montserrat a yankin Karebiyan, situdiyon George Martin, furodusan The Beatles, suka fara aikin Brothers in Arms. A can ma an ga halin mutumin: kiɗan gangunan Williams bai gamsar ba, sai aka ɗauko Omar Hakim daga Amurka ya sake mafi yawansa cikin 'yan kwanaki. Kundin ya fito a watan Mayun 1985, ya kuma zo a kan gaɓa. Kamfanonin Philips da Sony sun fito da faifan CD a 1982, suna neman kiɗa mai tsabtar sauti da zai sa mutane su sayi sabuwar na'urar. An ɗauki wannan kundi da fasahar dijital, sautinsa garau, sai ya zama abin da masu shaguna ke sa wa mai ciniki ya ji. Shi ne kundi na farko a tarihi da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a faifan CD. Ya yi mako tara yana kan gaba a Amurka, jimillar cinikinsa kuma ta haura miliyan 30.

Waƙar da ta ja ragamar cinikin, "Money for Nothing", aikin ɗan jarida ce tsantsa. Knopfler ya shiga wani shagon kayan lantarki a New York, ya tarar da wani ma'aikaci tsaye gaban jerin talabijin da aka kamo tashar MTV, yana ta mita a kan mawaƙan da ke samun dukiya a banza alhali shi yana dakon firji. Ya ari takarda da alƙalami ya zauna yana rubuta abin da ke fita daga bakin mutumin. Sting, wanda ya zo hutu tsibirin, ya sa murya a ciki. Waƙar ta yi mako uku a mataki na ɗaya a Amurka, kuma da bidiyonta aka buɗe tashar MTV ta Turai ranar 1 ga Agustan 1987. Ashe waƙar da ta ɗauko ƙorafin talaka a kan taurarin talabijin ita ce za ta mai da marubucinta irin tauraron da ake ƙorafi a kansa. Ta kuma jawo masa suka, saboda ya bar wata kalmar zagi da ma'aikacin ya furta. Darasi ne da muke koyarwa a ajin adabi, cewa muryar ɗan wasa daban take da ta marubuci, amma mutum miliyan da ke rera amshi a filin ƙwallo ba ruwansu da wannan bambanci.

Ita kuwa waƙar da aka sa wa kundin sunanta, ya rubuta ta ne a 1982 lokacin yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina, da muryar sojan da ke mutuwa a fagen fama. A ganina a nan jitarsa ta kai maƙura: sauti kaɗan, kowanne an ja shi har ya kusa tsinkewa, shirun da ke tsakani ma yana da nasa aiki.

Rangadin da ya biyo baya ya fara a birnin Split na tsohuwar Yugoslabiya a watan Afrilun 1985, ya ƙare a Sidni ta Ostireliya a Afrilun 1986: wasa 248 cikin shekara guda, 'yan kallo fiye da miliyan biyu da rabi. A tsakiyarsa suka hau dandamalin Live Aid a Wembley ranar 13 ga Yulin 1985, taron tara gudunmawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, suka sauko suka tsallaka zauren da ke kusa don yin nasu wasan na daren. Ranar 11 ga Yunin 1988 suka koma Wembley cikin manyan baƙin bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku, Eric Clapton yana rufa musu baya da jita. An nuna bikin a ƙasashe fiye da 60. Wata 20 bayan haka aka saki Mandela.

Komawa mashaya

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin. Wata guda bayan wasan ƙarshe na Sidni, a ƙarshen Mayun 1986, an ga Knopfler a wata ƙaramar mashaya mai suna Grove a Leeds, yana kiɗa da Steve Phillips, abokinsa tun zamanin aikin jarida, da wani mawaƙin garin, Brendan Croker. Mutumin da faifansa ke cikin waɗanda suka fi ciniki a wannan lokaci ya koma irin ɗakin da ya tarar da sarakunan jaz suna kiɗa ba mai saurare. Daga wannan zama aka samu ƙungiyar Notting Hillbillies, wadda ta fitar da kundi guda a 1990. A shekarar kuma ya yi kundin haɗin gwiwa da dattijon jitar kantiri Chet Atkins. A Satumban 1988 ya riga ya sanar da cewa Dire Straits ta dakata.

Amma bai tsira a karon farko ba. Ya sake tara ƙungiyar, suka fitar da On Every Street a 1991, suka shiga rangadin da ya fi na baya nauyi: daga Dublin a Agustan 1991 zuwa Zaragoza ta Sifaniya ranar 9 ga Oktoban 1992, wasa fiye da 200, 'yan kallo wajen miliyan bakwai, makaɗa tara a dandamali, ayarin manyan motoci na jigilar kaya. Manajansu Ed Bicknell ya bayyana wannan rangadi daga baya da cewa azaba ce zalla. Auren Knopfler na biyu ya mutu a 1993. Daren Zaragoza shi ne na ƙarshe, kuma a 1995 ya naɗe tabarmar ƙungiyar ba tare da wani biki ba. Bayanin da ya sha maimaitawa shi ne abin ya yi girman da ya wuce misali, kuma shi yana son nasara, domin ita ke ba mutum damar yin aikin da yake so, amma bai ga alheri ko ɗaya a cikin shahara ba.

Tun daga nan an sha yi masa tayin maƙudan kuɗi ya dawo da sunan, Illsley ma ya fito fili ya ce shi a shirye yake, amma ya ƙi. A 2018 aka shigar da Dire Straits zauren karrama gwanayen rok na Amurka. Bai je ba. Illsley da Clark da Fletcher ne suka karɓa, har Illsley ya gabatar da ƙungiyar da bakinsa don ba a samu wanda zai yi ba. Ni a nawa ganin wannan kuskure ne. Ƙin komawa dandamali haƙƙinsa ne, amma mutanen da suka yi masa hidima shekara da shekaru sun cancanci ya tsaya kusa da su na dare ɗaya.

Me ya yi da 'yancin da ya saya? Dire Straits ta yi kundi shida a situdiyo. Shi kaɗai, daga Golden Heart na 1996 zuwa One Deep River na 2024, ya yi goma, ban da na fina-finai da wanda ya yi da Emmylou Harris a 2006. Ya gina situdiyonsa, British Grove, a yammacin Landan. Ya waƙe ɗan dambe Sonny Liston, da masu auna ƙasa Mason da Dixon, da mahaƙan kwal na yankinsu, da Basil Bunting, tsohon mawaƙin da ya tarar yana aikin gyaran labarai a wata jaridar Newcastle lokacin da shi yake ɗan aike a can. Babu ɗaya cikin waɗannan kundaye da ya yi kusa da cinikin Brothers in Arms, kuma ya san haka tun kafin ya fara.

Dalilina na biyu

Za a iya cewa, kuma da gaskiya, sauka ba ta da wuya ga wanda ya riga ya tara abin da jikokinsa ba za su cinye ba. Knopfler bai koma talauci ba, bai kuma daina cika manyan zaure ba har rangadinsa na 2019. Sai dai mu duba takwarorinsa. Nawa ne cikinsu, da dukiyar da ta kai tasa, suke yawo har yau da sunan ƙungiyar da rabin mutanenta sun mutu, suna maimaita waƙoƙin shekara 50 da suka wuce? Wadata ba ta sa mutum ya ce ya isa. Sau da yawa ma ita ke hana shi.

Shekaru kaɗan da suka wuce aka ba ni wani muƙamin mulki a wurin aikina. Na karɓa da murna, 'yan'uwa suka zo taya ni, aka fara kirana da sunan kujera. Wata rana ina cike wata takarda da ta nemi jerin abin da na wallafa, sai na ga shekara biyu cur ban rubuta shafi ɗaya na bincike ba, ban kuma karanta littafi guda daga farko har ƙarshe ba. Ajin da nake shiga sau uku a mako ya koma sau ɗaya, shi ma a gurguje, da tsohuwar takardar darasi. Littafi da aji su suka kai ni kujerar, ita kuma ta raba ni da su. Da wa'adina ya cika aka nemi in zarce, na ba da haƙuri. Wani babban abokin aiki ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ana ga gabas kana ga yamma. Wa ya taɓa ƙin ci gaba?" Ban iya ba shi amsa a lokacin ba, kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake jin kewar motar ofis da gaisuwar masu gadi.

Ba ina cewa kowa ya guji muƙami ba ne, don dole wani ya riƙe shi, kuma akwai waɗanda baiwarsu ke nan. Abin da nake cewa shi ne mun iya tarbiyyar hawa, ba mu da tarbiyyar sauka. Muna koya wa ɗalibi yadda zai kai, ba ma gaya masa cewa wata rana zai tsaya ya tambayi kansa ko abin da ya fito nema yana nan cikin kayan da yake ɗauke da su. Likitan da ya daina ganin marar lafiya, da malamin da ya daina shiga aji, da marubucin da ya koma halartar taron karramawa kawai, duk sun san wannan tambaya, ko da ba sa son a yi musu ita.

Kaset ɗin kawuna ya daɗe da ɓata, amma na gano cewa ba banza ya fito daga Agadas ba. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ɗan Abzinawan wannan yanki, ya sha faɗa cewa yana yaro a gudun hijira a Aljeriya ya riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayon yadda suke sarrafa yatsu. Filayen ƙwallo da ayarin motoci ba su je Sahara ba. Abin da ya isa can shi ne abin da yaron Newcastle ya koya sanda ba shi da kuɗin na'urar ƙara sauti.

Ga ɗalibaina da ke karanta wannan shafi, waɗanda na san kowannenku yana da tasa jar jitar da yake mafarki, ina yi muku fatan ku same ta, ku kuma hau duk inda ƙwazonku zai kai ku. Idan kun isa, ku riƙa waiwayar sana'ar da ta kai ku. Ranar da kuka ga ta fara ramewa alhali sunanku yana ƙiba, to lokacin yin shawara ya yi, kuma gara a yi ta tun ana tafi.